Daga Kogo Zuwa Gida: Waliyyai Uku da Suka Aza Harsashin Ruhubananci a Addinin Kirista

Gabatarwa

Kalmar rahibi ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe, domin ta shigo harshenmu daga Larabci tun da daɗewa, kuma duk wanda ya ji ta, abin da ke faɗo masa a rai shi ne mutumin da ya juya wa duniya baya, ya bar aure da dukiya, ya keɓe kansa domin ibada. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a addinin Kirista wannan tafarki a nahiyarmu ta Afirka ya fara samun tsari da suna, wato a ƙasar Masar, kafin ya tsallaka teku ya yaɗu a Turai.

Wannan maƙala za ta bi rayuwar mutum uku da Kiristoci ke lissafawa cikin manyan waliyyansu: Antoniyus da Bakumiyus, dukkansu Misirawa, da kuma Benedik na ƙasar Italiya. Tambaya guda ce ta haɗa su. Shin mai neman tsira ya fi dacewa ya zauna shi kaɗai ne, ko kuwa cikin jama'a? In kuma cikin jama'a ne, me zai riƙe wannan jama'a bayan wanda ya tara ta ya kwanta dama?

Antoniyus: Mai Gudun Mutane

An haifi Antoniyus wajen shekarar 251 Miladiyya a wani ƙauye mai suna Koma a tsakiyar Masar, cikin iyalin Kiristoci masu hali. Iyayensa sun rasu yana da kimanin shekara 18 zuwa 20, suka bar masa gonaki da ƙanwa guda. Wata rana a majami'a ya ji ana karanta wurin da Linjila ta kawo labarin wani mawadacin saurayi da aka umarta ya sayar da abin da ya mallaka ya ba matalauta. Antoniyus ya ɗauka da shi ake. Ya rabar wa mutanen ƙauyensu gonakinsa masu faɗin kimanin eka 200, ya damƙa ƙanwarsa ga wasu mata masu ibada, ya koma bakin gari.

Daga bakin gari ya koma maƙabarta, daga nan kuma wajen shekarar 285 ya tsallaka kogin Nilu ya shige wata tsohuwar ganuwar soja da aka yi watsi da ita a Fisfir, ya rufe ƙofa. Shekara 20 ya yi a ciki, ana jefa masa gurasa ta kan katanga. Wanda ya rubuta tarihinsa ya cika waɗannan shekaru da labarin gwagwarmaya da shaiɗanu, waɗanda ke zuwa masa wani lokaci da siffar namun daji, wani lokaci da siffar mata ko zinariya, wani lokaci kuwa da tunanin ƙanwarsa da ya bari. Ko yaya mai karatu ya ɗauki waɗannan labarai, abin da suke nunawa a fili yake: wanda ya gudu daga kasuwa bai gudu daga zuciyarsa ba.

Gudun mutanen da ya yi shi ya ƙara jawo masa mutane. Lokacin da aka ɓalle ƙofar wajen shekarar 305, almajirai sun riga sun taru, kowa ya gina bukkarsa ko ya sami kogonsa kusa da shi. Da taron ya yi masa yawa sai ya ƙara nausawa gabas, har wani dutse kusa da Bahar Maliya, inda ya sami idon ruwa da 'yan itatuwan dabino, ya yi ɗan lambu don kada ya ɗora wa kowa nauyin ciyar da shi. A nan ya rasu a shekarar 356, yana da shekara 105 bisa ga ruwaya, bayan ya yi wasiyya a binne shi a ɓoye don kada a mayar da gawarsa abin tabarruki. Gidan ruhubanawa mai ɗauke da sunansa yana nan a gindin dutsen a hannun Kibɗawa.

Atanasiyus, Bishop na Iskandariyya, ya rubuta tarihinsa da Girkanci jim kaɗan bayan rasuwarsa, aka fassara shi zuwa Latin, littafin ya zagaye daular Rum. A shekarar 386 a birnin Milan aka ba Agustin, wani ɗan Afirka ta Arewa, labarin Antoniyus, abin ya girgiza shi har ya zama cikin dalilan da suka sauya rayuwarsa. To amma Antoniyus bai bar tsari a rubuce ba. Abin koyi ya bari, kuma ba kowa ke da ƙarfin ɗaukar irin nasa kaɗaicin ba.

Bakumiyus: Soja Mai Tara Jama'a

Bakumiyus ɗan kudancin Masar ne, an haife shi wajen shekarar 292, iyayensa kuwa masu bin addinin gargajiya ne. Yana da kimanin shekara 20 aka kama shi da ƙarfi aka sa shi soja, aka zuba su a jirgin ruwa, aka kulle su a wani gari na bakin Nilu don kada su tsere. Cikin dare wasu mutane suka kawo musu abinci da ruwa, alhali ba su san su ba. Da ya tambaya, aka ce masa Kiristoci ne. Wannan akushin abinci shi ya tsara masa sauran rayuwarsa, domin ta hanyar hidima ga mutane ya fara sanin addinin.

Da aka sallame shi, ya karɓi baftisma a ƙauyen Shenesit, ya zauna shekara bakwai a ƙarƙashin wani tsohon rahibi mai suna Falamun. Wajen shekarar 323 ya koma wani kufai mai suna Tabennisi, ya fara tara mutane. Gwajinsa na farko bai yi nasara ba. Ɗaya daga cikin tsofaffin tarihohinsa na Kibɗanci ya ruwaito cewa shi ke dafa musu abinci, shi ke kai musu har gona, yana fatan tawali'unsa zai koya musu tawali'u. Su kuwa sai suka raina shi, suka mayar da shi abin ba'a. Bayan ya yi shekaru yana haƙuri, ya kore su duka. Darasin da ya koya shi ne abin da Hausawa ke cewa, zo mu zauna, zo mu saɓa, don haka zaman tare ba ya yiwuwa sai da doka.

Tsarin da ya kafa daga baya akwai ƙamshin bariki a cikinsa. An kewaye wurin da katanga mai ƙofa guda da mai gadi. An raba mazauna gida-gida, kowane gida da shugabansa da mataimakinsa, sau da yawa bisa ga sana'a: masu saƙar tabarma, da masu gasa gurasa, da maɗinka, da masassaƙa, da masu tuƙa jirgin ruwa. Ba wanda ya mallaki kome, hatta rigar jikinsa ta jama'a ce. Wani abin lura shi ne, dokar ta wajabta wa duk wanda ya shigo bai iya karatu ba a zaunar da shi a koya masa baƙaƙe, ko yana so ko ba ya so, ya kuma haddace wani abu daga Zabura da Sabon Alkawari. Sau biyu a shekara ake babban taro a hedkwatarsu da ke Fabau: lokacin Ista, da kuma watan Agusta, inda ake lissafin kuɗi da kaya, a kuma yafe wa juna laifuffuka.

Lokacin da annoba ta ɗauke shi wajen shekarar 346, ya bar gidaje 9 na maza da 2 na mata, ƙanwarsa Maryamu ce ta shugabanci na farkon matan. Sai dai abin da ya biyo baya ya nuna raunin ginin. Wanda ya gaje shi, Fetroniyus, bai yi ko shekara ba ya rasu. A zamanin na bayansa, Horsiyasi, shugaban ɗaya daga cikin gidajen ya yi tawaye a kan batun dukiya, domin gonaki da jirage sun yawaita. Sai da aka dawo da Tiyodoro, tsohon almajirin da Bakumiyus kansa ya taɓa sauke wa daga muƙami saboda ya amince a yi maganar gadonsa yana da rai, sa'an nan ƙura ta lafa. Duk da haka dokar ta rayu. A shekarar 404 Jerom ya fassara ta zuwa Latin, ta haka ta isa Turai.

Benedik: Mai Awo da Mudu

An haifi Benedik wajen shekarar 480 a Nursiya, 'yan shekaru bayan an tuɓe sarkin Rum na ƙarshe a yamma a 476. Abin da aka sani game da shi kusan duka daga Paparoma Girigori Babba ya fito, wanda ya rubuta labarinsa wajen 593. An tura shi karatu birnin Rum, lalacewar ɗabi'ar ɗalibai ta sa ya gudu. Ya fara da tafarkin Antoniyus: shekara uku ya yi a wani kogo a Subiyako, wani rahibi mai suna Romanus yana zuro masa gurasa da igiya daga saman dutse.

Sa'an nan ya ɗanɗani abin da Bakumiyus ya ɗanɗana. Ruhubanawan wani gida da ke kusa suka roƙe shi ya shugabance su, da suka ga tsananinsa sai suka zuba masa guba a abin sha. Ya tsira, ya bar musu gidansu. Daga baya ya kafa ƙananan gidaje 12, kowanne da mutum 12, hassadar wani limamin coci ta sake tayar da shi, wajen shekarar 529 ya hau dutsen Monte Kasino, tsakanin Rum da Nafoli. A can ya rubuta dokarsa, a can kuma ya rasu wajen 547, ba da daɗewa ba bayan rasuwar 'yar'uwarsa Eskolastika, wadda mata masu bin wannan tafarki ke ɗauka uwa.

Dokar Benedik gajeriya ce, gabatarwa da babi 73. Ya ɗebo daga magabata, ciki har da Basiliyus na Kaisariya da Yohanna Kasiyan, wanda ya zauna a hamadar Masar, da wata doguwar doka mai tsanani da ba a san marubucinta ba. Gwanintarsa ita ce sanin gwargwado. Ya raba yini tsakanin addu'a da aikin hannu da karatu: sau bakwai ake taruwa addu'a da rana, sau ɗaya da dare, a sauke Zabura 150 duk mako. Ya ba da abinci kala biyu dafaffe, domin wanda ya kasa cin wannan ya ci wancan. Ya hana naman dabba mai ƙafa huɗu, amma ya halatta shi ga marasa lafiya. Mai son shiga sai ya yi shekara guda ana gwada shi, a karanta masa dokar sau uku, ƙofa a buɗe in yana son tafiya. In ya tsaya, sai ya yi alkawarin zama a wannan gida har mutuwa.

Batun shugabanci, wanda ya girgiza gidajen Bakumiyus, Benedik ya yi masa tanadi. 'Yan gida ne ke zaɓen ubansu, kuma shi uban yana ƙarƙashin dokar kamar kowa. In babban al'amari ya taso dole ya tara kowa ya ji shawara, har ta ƙaramin cikinsu. Girma kuwa ana lissafa shi ne daga ranar da mutum ya shigo, ɗa ne ko bawa, ɗan sarki ne ko ɗan talaka. A zamanin da bauta ta zama ruwan dare, wannan ba ƙaramin hukunci ba ne.

Monte Kasino ya sha rushewa. Lambardawa sun ƙone shi ƙarshen ƙarni na 6, an sake ƙone shi a 883, girgizar ƙasa ta rusa shi a 1349, jiragen Ƙawance suka yi masa ruwan bama-bamai ranar 15 ga Fabrairu, 1944. Kowane karo an sake gina shi. Dokar kuwa ba ta taɓa dogara da ginin ba. A shekarar 817 aka sa gidajen ruhubanawa na daular Faransawa su bi ta, daga cikinta gidan Kuluni ya fito a 910 da na Sito a 1098. A ɗakunan rubutu na irin waɗannan gidaje aka yi ta kwafar littattafai da hannu, na addini da na tsofaffin Rumawa, da yawansu da sun salwanta in ba don haka ba. A 1964 Paparoma Bulus na Shida ya ayyana Benedik waliyyin Turai.

Kammalawa

Antoniyus ya nuna cewa mutum na iya barin kome. Bakumiyus ya gano cewa barin kome ya fi sauƙi a kan haƙuri da ɗan'uwa. Benedik ya rubuta dokar da mutum mai matsakaicin ƙarfi zai iya ɗauka har tsufa, wadda kuma ba ta mutuwa da mutuwar shugaba. Duk ƙungiyar da ta taɓa watsewa bayan rasuwar wanda ya kafa ta, ta addini ce ko ta sana'a, ta san nauyin wannan matsala.

Tafarkin da ya bar Afirka ta Masar ya dawo mata ta wata ƙofa. Fada Sifiriyan Maikel Iwene Tansi, wanda aka haifa a Aguleri a 1903, ya shiga wani gidan ruhubanawa mai bin dokar Benedik a Ingila a 1950, ya rasu a can a 1964. Ranar 22 ga Maris, 1998, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ɗaga shi zuwa matsayin mai albarka a garin Oba kusa da Onica. A 1979 kuma ruhubanawa daga ƙasar Ailan suka kafa gidan Benedik a Ewu, cikin Jihar Edo ta yanzu, inda ake rera Zabura a kan lokutan da aka tsara a kan dutsen Monte Kasino.