Daga Ina Takobin Kakana Ya Fito?

Bara wani dillalin kayan tarihi ya taya takobin kakana a Agadas, na ce masa albarka. Na kai shi wurin wani tsohon maƙeri, ya ce ƙota da kube aikin maƙeran Abzin ne, ruwan takobin kuwa baƙo ne.

Da na bincika, sai na tarar Barth, Bajamushen da ya zo Agadas a 1850, ya rubuta cewa yawancin takubban kasuwar Kano daga Solingen ta Jamus ake kawo ruwansu. Fatake ke ratso Sahara da su.

Iyaye, kafin ku sayar da kayan gado, ku bar yara su tambayi tsofaffi labarinsu. Ni dai na kai nawa aji, ɗalibaina suka zana hanyarsa a taswira.