Zafi da Yunwa a Dajin Kelp na Tasmaniya

A gaɓar gabashin tsibirin Tasmaniya, kudu da Ostireliya, an yi zamanin da ciyawar tekun nan da ake kira kelp ta yi kauri har ana zana ta a taswirar matuƙan jirgin ruwa don su kauce mata. Nau'in da masana ke kira Macrocystis pyrifera kan wuce mita 30, kuma idan ruwa ya yi mata daɗi takan ƙara kusan rabin mita a yini guda. Yau fiye da kashi 95 cikin ɗari na wannan daji ya ɓace. A 2012 gwamnatin Ostireliya ta sa shi cikin muhallan da ke gab da ƙarewa.

Kelp tana da dabarun kare kanta. Da ruwa ya ɗau zafi, sai ƙwayoyin jikinta su ƙera wasu furotin masu gyara waɗanda zafi ya lanƙwasa, su kuma fitar da sinadaran kashe gubar da ke taruwa a ganye. Ƙananan 'ya'yanta da ido ba ya gani, masu manne wa duwatsu, sun ma fi babbar ciyawa juriya. Sai dai duk wannan gyara yana cin ƙarfi, ƙarfi kuwa daga abinci yake. Igiyar ruwan ɗumi ta Gabashin Ostireliya, wadda ke ta kutsawa kudu, ba ta ɗauke da isasshen naitiret, sinadarin da kelp ke girma da shi, ga shi wannan nau'in ba ya iya ajiye shi na dogon lokaci. Kamar manomi ne da aka tura huɗa da tsakar rana cikinsa babu komai.

Igiyar ta kuma kawo bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi, wadda aka fara gani a Tasmaniya a 1978. Takan cinye tsiro ta bar dutse tsirara, manyan lobsta masu farautarta kuwa masunta sun rage su.

Masana a Jami'ar Tasmaniya sun tattaro iri daga ragowar dajin, suka zaɓi masu jure zafi, suka dasa su a teku. Aiki ne abin yabo, amma kuskure ne a ɗauka shi kaɗai zai wadatar. Tsiro mai jure zafi ma bushiya za ta cinye shi, don haka dole dashen ya tafi tare da kwashe bushiyoyin da kuma taƙaita kamun manyan lobsta a wuraren da aka dasa.