Amfilifayar jitar bes mara nauyi: Abin da makaɗan Samaru da Sabon Gari ke dubawa kafin saye

Amfilifayar jitar bes na'ura ce da ke karɓar ɗan raunanan motsin lantarki da ke fitowa daga jita, ta ƙara masa ƙarfi, sannan ta tura shi cikin sifika har ya zama amon da jama'a za su ji. Jitar bes ta lantarki ba ta da murya ta kanta. Idan babu amfilifaya, wanda ke zaune kusa da makaɗin ma da ƙyar zai ji abin da ake kaɗawa. Saboda haka duk inda makaɗin zai je wasa, dole ya tafi da ita, kuma a nan batun nauyi ya samo asali.

A Zariya, masu wannan kiɗa sun fi yawa a Sabon Gari da Samaru. Sabon Gari ya bunƙasa ne bayan isowar layin dogo a farkon ƙarni na 20, lokacin da ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudancin ƙasar nan suka zauna a wurin tare da coci-cocinsu da kaɗe-kaɗensu. Samaru kuwa ta cika da matasa tun daga 1962 da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello. Mawaƙan coci, ƙungiyoyin ɗalibai da makaɗan da ake ɗauka haya a liyafar aure su ne ke riƙe da jitar bes a yau. Kiɗan gargajiya na kalangu da goge da gurmi ba ya buƙatarta, waƙoƙin fina-finan Hausa kuma galibi daga fiyano ake fitar da sautin bes ɗinsu. Makaɗin da ke kwana a Samaru, wasa kuma yana Sabon Gari, zai bi hanyar Sakkwato ta Palladan da Kwangila, sau da yawa a Keke Napep, jita a rataye a baya, amfilifaya a kan cinya ko kuma a kujerar da ya biya wa kuɗi.

Dalilin nauyin da

Sautin bes yana ƙasa ƙwarai. Tsirkiya mafi kauri a jita mai tsirkiya huɗu tana kaɗawa kimanin sau 41 a daƙiƙa guda, rabin na jita ta yau da kullum ke nan, wadda ke yin kimanin 82. A jita mai tsirkiya biyar, adadin yana sauka zuwa kusan 31. Fitar da irin wannan amo yana buƙatar a tura iska mai yawa, kuma tura iska mai yawa yana buƙatar babbar sifika da wuta mai ƙarfi. Wannan ne ma ya sa ba a jona bes a amfilifayar jita ta yau da kullum a ƙure murya. Sifikar takan yage.

Kamfanin Fender na Amurka ya fitar da jitar Precision Bass a 1951, a shekarar da ta biyo baya kuma ya haɗa mata amfilifaya mai suna Bassman. Da wuraren wasa suka ƙara girma, sai Ampeg ya fito da SVT a 1969, mai ƙarfin wat 300. Kan na'urar kaɗai ya kai kimanin kilo 40, akwatin sifikarta mai sifiku takwas kuma ya fi haka nauyi. Nauyin yana cikin abu uku: tiransifoma mai ƙarfe da tagulla, maganaɗisun da ke bayan kowace sifika, da katakon akwati. Har yau akwai makaɗan da ke ganin babu sautin da ya kai na irin waɗannan tsofaffin na'urori, sai dai mafi yawansu ba su ne ke ɗauka da hannunsu ba.

Abubuwa biyu suka rage nauyin. Na farko shi ne tsarin da ake kira ajin D, inda taransistocin na'urar ke kunnawa da kashewa sau dubban ɗaruruwa a daƙiƙa, maimakon su riƙa ɗauke da wuta a kowane lokaci. Ta haka kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ta shiga yana isa sifika, kaɗan ne ke zama zafi, don haka ba a buƙatar manyan ƙarafan sanyaya na'ura. Aka kuma maye gurbin katuwar tiransifoma da ƙaramin allon sarrafa wuta irin na cajar kwamfuta. Na biyu shi ne maganaɗisun neodymium, wanda aka ƙirƙiro a farkon shekarun 1980, wanda ɗan ƙarami daga cikinsa ke yin aikin babban maganaɗisun da. Kamfanin Markbass na Italiya, da aka kafa a 2001, yana cikin waɗanda suka yi suna da wannan sauyi: samfurinsa Little Mark III yana ba da wat 500, nauyinsa kuma bai cika kilo uku ba. Trace Elliot ELF mai wat 200 bai ma kai kilo ɗaya ba, yana shiga aljihun jakar jita.

Kombo ko kai da akwati

Iri biyu ake sayarwa. Akwai kombo, wato amfilifaya da sifika a akwati guda, akwai kuma kai daban, akwatin sifika daban. A jerin Fender Rumble da aka sabunta a 2014, Rumble 100 mai sifika ɗaya ta inci 12 tana da nauyin kimanin kilo 10, Rumble 500 mai sifiku biyu na inci 10 kuma kimanin kilo 16 da rabi. Dukansu mutum ɗaya zai ɗauka da hannu guda. Kombo ya fi dacewa da wanda ke zuwa wuraren da babu komai, kamar filin biki ko zauren taro na haya. Wanda kuwa kowane mako cocin da yake kiɗa ɗaya ne, kuma akwai akwatin sifika a ajiye a can, kai kaɗai ya ishe shi. Sai ya sa shi a jaka ya hau acaɓa.

Lissafin wat

Babu inda ake yaudarar mai saye kamar a nan. Ninka wat sau biyu ba ya ninka ƙara sau biyu; desibel uku kacal yake ƙarawa, bambancin da kunne zai lura da shi amma ba zai girgiza kowa ba. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai an ƙara kimanin desibel 10, wato wuta ninki goma. Ke nan tazarar da ke tsakanin wat 300 da wat 500 ba ta kai yadda farashinsu ke nunawa ba. Abin da ya fi tasiri shi ne faɗin sifika da ingancinta. Kai mai wat 200 a kan akwati mai sifiku huɗu na inci 10 zai iya danne kai mai wat 500 da aka jona wa sifika ɗaya ƙarama.

Sannan lambar da aka rubuta a gaban na'ura takan zo da sharaɗi. Kowace sifika tana da ma'aunin turjiya da ake ƙirgawa da om, galibi 8 ko 4. Little Mark III yana ba da wat 500 ne a om 4; a om 8, wat 300 yake bayarwa. Rumble 500 ita kaɗai wat 350 take fitarwa, sai an ƙara mata wani akwati na om 8 sannan ta cika 500. Akwati biyu na om 8 idan aka haɗa su suna komawa om 4, wanda yawancin na'urori ke ɗauka. Biyu na om 4 kuwa suna komawa om 2, kuma na'urar da ba a gina ta don haka ba za ta yi zafi ta ɗauke, ko ta ƙone. Wannan kuskure yakan faru a wurin biki, lokacin da wani mai son taimako ya ga akwati a ajiye ya jona ba tare da ya karanta bayansa ba. Haka nan lambar da aka rubuta RMS a gefenta ita ce abin dogaro. Wadda aka rubuta wa PMPO, mai dubbai a jikin ƙaramin akwati, ado ce ta kasuwa.

A aikace, wat 25 zuwa 40 na gwaji ne a ɗaki. Wat 100 da sifika ta inci 12 za su riƙe ƙaramin zaure idan mai ganguna ba mai nauyin hannu ba ne. Inda akwai cikakkun ganguna da fiyano da mawaƙa da yawa, kamar yadda ake yi a coci-cocin Sabon Gari ranar Lahadi, wat 200 zuwa 500 ake nema. A fili kuwa, inda babu bangon da zai dawo da amo, bes yakan watse, kuma babu ƙaramin kombon da zai cika wurin. Mafita ita ce kafar DI, wata kafa mai haƙora uku a bayan na'ura da ke aika sautin kai tsaye zuwa mikisar mai kayan sauti. Da ita, manyan sifikun taro ne za su ɗauki jama'a, kombon kuma ya zama na jin makaɗin kansa. Amfilifayar da ba ta da wannan kafa, komai arharta, ba ta fita wasa ba ce. Idan an samu maɓallin da ke raba waya ta ƙasa a kusa da kafar, ya fi kyau, domin shi ke kashe gunjin da kan taso idan an haɗa na'urori biyu.

Wuta, ƙura da gyara

Kamfanonin da ke ƙera waɗannan na'urori suna gwada su ne a inda wuta ba ta rawa. Wutar Nijeriya bolt 230 ce a rubuce, amma wanda ya zauna a Zariya ya san takan yi ƙasa ta yi sama, kuma rabin wasanni a kan janareta ake yin su. Abu na farko da za a duba shi ne rubutun da ke kusa da inda ake jona wayar wuta. Kayan hannu da aka shigo da su daga Amurka na bolt 120 ne, kuma da yawa daga cikinsu ba su da maɓallin sauyawa. Jona irin wannan a bango sau ɗaya ya isa ya kashe shi. Ana iya amfani da shi da tiransifomar rage wuta, amma sai a tuna cewa ita ma kaya ce da za a ɗauka, kuma ranar da aka manta da ita a gida babu wasa. Wanda aka rubuta wa 220 zuwa 240 shi ne na nan. Wanda ke karɓar 100 zuwa 240 ya fi jure wutar da ta yi ƙasa.

Ƙaramin janareta mai cin fetur gauraye da man inji, wanda ƙarfinsa bai wuce wat ɗari shida da wani abu ba, shi ne babban abokin gabar na'urori masu ajin D. Wutarsa tana hawa da sauka duk lokacin da aka kunna wani abu ko aka kashe, musamman idan fetur ya kusa ƙarewa yana tari. Ƙa'idar da masu kayan sauti ke bi ita ce a tayar da janareta ya daidaita kafin a jona amfilifaya, a kuma kashe ta kafin a kashe shi, kada a haɗa ta layi ɗaya da firji ko injin ruwa. Da yawa suna tafiya da sitabilaiza. Abin dariyar shi ne sitabilaizar takan fi kan amfilifayar nauyi, don haka lissafin gaskiya shi ne na dukkan kayan da za a ɗauka: na'ura, sifika, sitabilaiza, wayoyi da jitar kanta, wadda ita ma takan kai kilo huɗu.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko'ina. Ƙananan kawuna suna da fanka da ke zuƙo iska, tana zuƙowa har da ƙura, wadda ke toshe kafofin iska ta kuma sa maɓallan murɗawa su riƙa ƙara. Da Maris da Afrilu suka shigo, zafi ya haura digiri 35, na'urar da kafofinta suka toshe za ta ɗauke a tsakiyar waƙa don kare kanta. Riga ta yadi mai kauri, da hure ƙura lokaci-lokaci, da barin tazara tsakanin bayan na'ura da bango suna rage wannan.

Batun gyara shi ne abin da ya fi cancanta a auna kafin a biya kuɗi. Tsohuwar amfilifaya mai tiransifoma, irin su Peavey da Hartke na da da ke jibge a coci-coci, mai gyaran rediyo da ya san aikinsa zai buɗe ta, ya gano taransistar da ta mutu, ya sauya. Allon ajin D kuwa cike yake da ƙananan kayan da inji ya manna, kuma sau da yawa gyaransa yana nufin sauya allon ɗungurungum, wanda sai an aika kasuwar Alaba a Legas ko ma ƙasar waje, a farashin da ke bin dala. Saboda haka wasu ke raba ƙafa: tsohuwar mai nauyi ta zauna a inda ake kiɗa kullum, mara nauyin ta zama ta fita. Kai da akwati daban suna da fa'ida a nan, domin idan kan ya mutu akwatin yana nan, ana iya aron wani kai a ci gaba. Kombo kuwa idan ya tafi wurin mai gyara, da sifikarsa yake tafiya.

Gwaji a shago

Mai saye ya je da jitarsa da wayarsa, ba na mai shago ba. Ya kaɗa tsirkiya mafi kauri a buɗe, ya ƙara murya a hankali, yana sauraron ko akwai karkarwa ko gogayya a cikin sifika, alamar ta taɓa ƙonewa ko an yi mata ɗinki. Ya murɗa kowane maɓalli, ya gwada kafar DI a mikisa, ya bar na'urar tana aiki na rabin awa don ya ga ko fanka na juyawa. Idan kai da akwati ne, wayar da ke tsakaninsu ta zama ta sifika mai kauri. Wayar jita siririya ce, takan yi zafi ta narke a wannan aiki. Ya duba lambar na'ura da ingancin rubutun jikinta, domin akwai jabu masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni. Daga nan ya ɗauke ta da hannu ɗaya, jita a baya, ya taka da ita zuwa bakin titi inda Keke ke tsayawa, ya ga ko za ta shiga tsakanin gwiwarsa da kujerar direba.