Uku, Bakwai, Arba'in: Yadda Magabata Suka Ajiye Tarihin Gida

Sau da yawa idan muka karanta rubuce-rubucen da 'yan'uwa ke kawowa ƙungiya domin a duba, musamman masu gina labari a kan zamanin da, sai mu tarar sarkin na da ne, dokinsa ma na da ne, amma da an zo wajen biki sai ga akwatunan lefe a jere kamar jiya aka sayo su a Kantin Kwari. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu ɗan waiwaya, mu dubi yadda kakanninmu suke yi idan an haihu, ko an yi aure, ko an rasu.

Abin da ya kamata mu fara riƙewa shi ne, Bahaushen da ba shi da takardar haihuwa, balle ta aure ko ta mutuwa. Taron jama'a da ƙidayar kwanaki su ne takardunsa, kuma mata ne suka fi riƙe wannan lissafi.

Mu ɗauki haihuwa. Mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki. Ungozoma ce ke yanke cibiya, a binne mabiyiya a cikin gida. Kafin suna a dafa kauri da kayan yaji a rarraba wa dangi. Ran bakwai, da sassafe, liman ya raɗa suna, a yanka rago, wanzami ya yi aski, a wasu gidajen ya yi tsagar gado, wadda da ita ake gane Bagobiri ko Bakatsine ko da ya yi nisa da gida. To, amma sunan yanka ba lalle ne ya bi yaro ba, domin uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, kuma ba ta faɗin sunan surukinta idan shi aka mayar. Sai tsofaffin gida su laƙaba wani, kuma a cikin laƙabin nan tarihin yake. Da ka ji Tanko ka san mata ya biyo; Kande ko Delu kuwa maza ta biyo. Gambo ya zo bayan tagwaye. Talatu da Ɗanladi ranarsu suke ɗauke da ita. Ajuji kuwa labarin baƙin ciki ne: yayyensa sun yi ta mutuwa, sai aka nuna kamar ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta ƙyale shi. Marubucin da ya sa wa ɗan fari suna Tanko, don kawai sunan ya yi masa daɗi, ya yi ɓaranɓarama tun a shafin farko.

Ba duk abin da aka gada ne alheri ba, wannan kam sai mu faɗa. Mai jego takan yi wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, mai haihuwar fari ma fiye da haka, ta kwanta a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, ta yi ta shan kunun kanwa. A 1978 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka buga sakamakon binciken da suka yi a Zariya, inda suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da wannan zafi da kanwar. Tsofaffinmu sanyi suke tsoro, da niyyar kariya suka yi, amma an rasa mata ta wannan hanya.

A kan aure muna da shaida mai daraja, wato Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877. Tsakanin 1949 da 1950 ta zauna a Giwa ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta da Hausa, aka buga shi da Ingilishi a 1954, shekara uku bayan rasuwarta. Aurenta na fari na zumunta ne, ta yi aure huɗu, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta goyi 'ya'yan dangi ta aurar da su. Mai son sanin yadda ake biki kafin zuwan Turawa, daga bakin wadda aka yi wa, ya nemi wannan littafi. A wancan zamani kuɗi wuri ne, ƙirga shi ake yi. Lefe kuwa sunan ɗan kwandon kaba ne da ake zuba kayan a ciki, daga baya sunan ya bi kayan ya bar kwandon. Budurwa ta gudu ta ɓuya, a yi kamu, a sa ta a lalle kwana da kwanaki a hannun alwanka. Shi ma ango, idan saurayi ne, ana sa shi a lalle, hannunsa a cikin zunguru. Bayan an kai amarya a yi sayen baki da buɗar kai, iyayenta su kawo gara. Duk matakin nan da shaidunsa, ta yadda babu mai tashi daga baya ya ce bai san an yi ba.

Mutuwa ita ce aka fi yi wa gaggawa, kuma ita ce ta fi canzawa. A Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani a ƙasar Katsina, akwai tuddan kaburburan manyan da, waɗanda aka tona a 1907 da kuma 1992, aka tarar an binne su da kayan ado da kwanonin ƙarfe. Musulunci ya kawar da wannan, ya bar wanka da likkafani da salla. Sai dai jama'a ba su saki ƙidaya ba: sadakar uku, da ta bakwai, da ta arba'in, ana daka gumba ana rabawa. Malamai sun daɗe suna jayayya a kan irin waɗannan abubuwa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi magana a kan bidi'o'in jana'iza da na aure a littafinsa Ihya'us Sunna, sannan ƙungiyar Izala, da aka kafa a Jos a 1978, ta yaƙi sadakokin nan har suka ragu a gidaje da yawa na birane. Saboda haka idan mai labari zai kashe wani a littafinsa, ya tambayi kansa a wace shekara ce, kuma gidan su wane ne.

Ƙidayar da ba ta motsa ba ita ce takaba, domin ita Alƙur'ani ne ya yanke ta: wata huɗu da kwana goma, ba ado, ba turare, ba maganar aure. Al'ada ta ƙara nata, kamar 'yar wuƙar da mai takaba ke riƙewa a wasu wurare. Idan kuwa mijin ya bar ta da ciki, ranar da ta haihu takaba ta ƙare. Bayan kwana bakwai a taru suna a gidan da aka yi zaman makoki, liman ya raɗa nasa, tsofaffi kuma su kira yaron Audi.