Rumbunan bayanai na kwamfuta: Bambancin tsare-tsare uku

Kusan duk lokacin da ɗan kasuwa ya tura kuɗi ta waya, ko aka biya ma'aikaci albashinsa, akwai rumbun bayanai da ke aiki a bayan fage. Rumbunan sun kasu kashi-kashi, amma uku ne aka fi kwatantawa.

Na farko shi ne tsarin jadawalai masu alaƙa, wanda Edgar Codd, masanin kamfanin IBM, ya gabatar a shekarar 1970. A wannan tsari kowane bayani yana zama ne cikin jadawali mai layuka da ginshiƙai, tamkar littafin lissafin ɗan kasuwa. Jadawalin abokan ciniki daban, na kaya daban, na ciniki kuma daban. Abin da ke haɗa su shi ne wata lamba da ba ta maimaituwa, wadda ake kira mabuɗi. Idan abokin ciniki ya sauya adireshi, wuri ɗaya ake gyarawa, gyaran ya shafi dukkan cinikinsa. A jadawalin albashi kuwa, mabuɗin ne ke hana shigar da lambar ma'aikaci ɗaya sau biyu, ko da yake ba zai hana marar gaskiya ƙirƙiro sabuwar lamba ba. Ana yi wa irin wannan rumbu tambaya da harshen SQL, wanda ya zama ma'aunin bai ɗaya a Amurka a 1986. Oracle, MySQL da SQL Server duk a nan suke.

Matsalarsa ta bayyana ne lokacin da masu rubuta manhaja suka koma harsuna irin su Smalltalk da C++, inda ake ɗaukar kowane abu a dunƙule, da siffofinsa da ayyukansa. Zanen injin jirgi mai dubban sassa, kowane sashe a cikin wani, sai an wargaza shi kafin ya shiga jadawalai, sannan a sake harhaɗa shi duk lokacin da aka buƙace shi. Daga nan tsari na biyu ya fito a shekarun 1980, wanda ke adana abu yadda yake a dunƙule. GemStone da ObjectStore misalansa ne. Yana da sauri wajen bin sarƙaƙƙun bayanai, sai dai bai samu harshen tambaya da kowa ya rungume kamar SQL ba, kuma kamfanoni ba su yarda su watsar da jarin da suka zuba a tsohon tsari ba. Har yau kasuwarsa ƙarama ce.

Na uku gamin biyun ne. Michael Stonebraker ya fara aikin Postgres a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1986, aka sauya masa suna zuwa PostgreSQL a 1996. Jadawalai da SQL suna nan, amma mai amfani zai iya ƙirƙirar nasa nau'in bayani, kamar taswirar fili. Oracle ya ƙara irin wannan dama a 1997, ma'aunin SQL na 1999 kuma ya amince da ita.

Ga shago, asibiti ko ofishin albashi, jadawalai sun wadatar. Hukumar da ke rajistar filaye, wadda ke haɗa sunan mai fili da iyakokin filin a taswira, ita ce za ta fi cin moriyar tsari na uku, musamman da yake PostgreSQL kyauta ne, ba a biyan kuɗin lasisi.