Zongon Kumasi da Siyasar Jam'iyyu: Daga Ahmadu Baba Zuwa Asawase

Kwadaso na yammacin Kumasi ne, a kan hanyar Sunyani, kuma tun da aka yanke ta ta zama mazaɓa a shekarar 2004 ba ta taɓa tura kowa majalisar dokoki ba sai ɗan jam'iyyar NPP. Daga 2009 zuwa 2017 wakilinta shi ne Dokta Owusu Afriyie Akoto. Mahaifinsa, Baffour Akoto, kakakin Asantehene ne, shi ne kuma ya jagoranci kafa jam'iyyar NLM a Kumasi cikin Satumbar 1954. Na fara da wannan nasaba ne domin a yau an saba cewa ƙuri'ar Zongo ta NDC ce, kamar haka aka halicce ta. Tarihi bai yarda da wannan magana ba. Manyan Zongon Kumasi da su aka yi tafiyar Baffour Akoto, kuma sun ɗanɗana kuɗarsu a kanta.

Asalin Zongon fataucin goro ne. Fataken Hausa da ke zuwa Gwanja a da can kasuwar Salaga suke tsayawa, domin Asante ba ta cika barin baƙi su shiga dajin goro ba. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa su, sannan da Turawan Ingila suka kama Prempeh na ɗaya a 1896, suka kuma murƙushe boren Yaa Asantewaa a 1900, sai hanyar Kumasi ta buɗe. Fatake da malamai da tsofaffin sojoji suka zauna, Turawa suka riƙa naɗa musu Sarkin Zongo. A lura da wannan: sarautar a hannun hukuma ta tsiro, saboda haka duk wanda ya karɓi mulki yana ganin yana da ta cewa a kanta.

Da guguwar neman 'yanci ta taso, wasu Musulmin biranen kudu suka mayar da ƙungiyarsu jam'iyya, wato MAP. Kujera ɗaya tak ta samu daga cikin 104 a zaɓen 1954, haka ma a na 1956. Amma a Kumasi tana da nauyi, domin jigonta shi ne Alhaji Ahmadu Baba, attajiri kuma Sarkin Zongo. MAP ta haɗa kai da NLM a kan jam'iyyar CPP ta Kwame Nkrumah. A ganina lissafin a fili yake. Ƙasar da masu masauki suka gina gidajensu a kai ta Asantehene ce, kuma wanda ke zaune a filin wani ba ya gaggawar ɓata da shi.

Ghana ta sami 'yanci ranar 6 ga Maris 1957. Kafin wata shida gwamnati ta ba da umarnin korar Ahmadu Baba da Alhaji Usman Lardan daga ƙasar, a kan cewa zamansu ba alheri ba ne ga jama'a. Suka garzaya kotu a Kumasi suna cewa su 'yan ƙasa ne, don haka dokar korar baƙi ba ta hau kansu ba. Abin da ya biyo baya ya cancanci kowane ɗalibi ya tsaya a kansa. Maimakon a jira alƙali ya yanke hukunci, sai majalisa ta yi doka ta musamman cikin Agusta mai ɗauke da sunayen mutanen biyu, wadda ta kashe shari'ar, aka kuma ɗebe su zuwa Nijeriya. Wato tambayar ko su 'yan ƙasa ne ba a amsa ta ba, an dai hana a yi ta. A ƙarshen shekarar aka haramta jam'iyyun addini da na ƙabila da na yanki, MAP ta narke cikin haɗakar 'yan adawa ta UP, sarautar Zongo kuwa ta koma hannun Malam Mutawakilu, mai goyon bayan CPP.

To, me ya raba Zongo da tsofaffin abokansa? Shekarar 1969 ce. Dokta Kofi Busia, wanda ya jagoranci 'yan adawar nan a majalisa, ya zama firaminista, kuma ranar 18 ga Nuwamba gwamnatinsa ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya fice. Mutane fiye da dubu ɗari suka bar ƙasar, Yarabawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa, cikinsu har da waɗanda a Kumasi aka yanke musu cibiya. Aka sayar da gidaje da rumfunan kasuwa da arha. Korar 1957 ta taɓa shugabanni ne, ta 1969 kuwa ta shiga gida gida, shi ya sa ita ce ta zauna a bakin kakanni. NPP tana alfahari da gadon Danquah da Busia, don haka har yau ita ake bi wannan bashi a lokacin kamfe, ko da yake a 2017 ta buɗe ma'aikata ta musamman domin raya Zongo, ta kuma tsayar da Musulmi, Mahamudu Bawumia, takarar shugaban ƙasa a 2024.

A shekarar da aka yanke Kwadaso aka yanke mazaɓar Asawase, wadda ta ƙunshi Aboabo da Sawaba, inda Hausa ke tashi a kowane lungu. Ita kuma NDC take zaɓa, a tsakiyar yankin da NPP ta fi ƙarfi. Muhammad Muntaka Mubarak ke wakiltarta tun zaɓen cike gurbi na 2005, kuma a farkon 2025 Shugaba John Mahama ya naɗa shi ministan cikin gida, ma'aikatar da harkar shige da fice da korar baƙi ke ƙarƙashinta.