Wa Ke Tsayar da Ɗan Takara? Tarihin Zaɓen Fidda Gwani a Amurka

Duk bayan shekara huɗu, ranar Talatar da ke bin Litinin ta farko a watan Nuwamba, Amurkawa kan fita zaɓen shugaban ƙasa. Ita ce ranar da duniya ke zuba wa ido. Amma kafin ta zo an riga an tankaɗe an rairaye, har masu iya cin zaɓen sun rage biyu: ɗan takarar jam'iyyar Dimokurat da na Rifablikan. Tun da Millard Fillmore ya sauka a 1853, ba a sake samun shugaban da ya fito daga wajen jam'iyyun nan biyu ba. To, inda zaɓi bai wuce tsakanin mutum biyu ba, wanda ya tsayar da su ya riga ya yi rabin zaɓen. Shi ya sa aka daɗe ana kokawa a ƙasar a kan wanda ke da ikon tsayar da ɗan takara.

Babban zaɓe da asalin jam'iyyu biyu

Kundin tsarin mulkin 1787 bai ambaci jam'iyya ba ko sau ɗaya, kuma babu dokar da ta ƙayyade yawansu. Hasali ma George Washington, a saƙonsa na ban kwana na 1796, ya gargaɗi jama'a game da fitinar jam'iyyu. Tsarin ƙirga ƙuri'u ne ya mayar da su biyu. Kusan ko'ina a ƙasar zagaye ɗaya ake yi, wanda ya fi yawan ƙuri'a ya ɗauke kujerar, na biyu ya tashi a tutar babu.

Zaɓen shugaban ƙasa ya fi tsanani. Jama'a na zaɓen manyan masu zaɓe ne, su 538, waɗanda aka raba wa jihohi 50 da birnin Washinton, su kuma su zaɓi shugaba. Wanda ya samu 270 ya ci. In ban da Maine da Nebraska, duk ɗan takarar da ya zo na ɗaya a jiha shi ke kwashe manyan masu zaɓenta baki ɗaya. A shekarar 2000 Al Gore ya ɗara George W. Bush da ƙuri'a sama da rabin miliyan a faɗin ƙasar, amma ratar ƙuri'a 537 a jihar Florida ta ba Bush mulki. A 1992 kuwa attajiri Ross Perot, wanda ya tsaya ba da jam'iyya ba, ya samu kusan kashi 19 cikin ɗari, amma ko babban mai zaɓe ɗaya bai samu ba.

Masanin siyasar nan na Faransa, Maurice Duverger, ya bayyana wannan a 1951: zaɓe mai zagaye ɗaya yakan tura mutane cikin manyan jam'iyyu biyu don gudun asarar ƙuri'a, mai zagaye biyu kuwa yakan bar jam'iyyu da yawa su rayu. Mai karatu zai tuna da zaɓen Nijar na 1993, inda Tandja Mamadou ya zo na ɗaya a zagayen farko, amma ƙawancen AFC ya taru a bayan Mahamane Ousmane ya ci zagaye na biyu. Tacewar da zagayen farko ya yi a nan, a Amurka cikin gidan kowace jam'iyya ake yin ta.

Daga ɗakin majalisa zuwa babban taro

A farkon jamhuriya ƴan majalisar kowace jam'iyya ne ke keɓewa su fidda ɗan takara. Wannan hanya ta mutu a 1824, lokacin da ƴan majalisa 66 kawai suka halarci zaman, kuma wanda suka tsayar, William Crawford, ya ƙare na uku. Daga 1831 zuwa 1832 jam'iyyu suka koma babban taro, inda wakilai daga jihohi ke haɗuwa su yi zaɓi.

Taron ya faɗaɗa da'irar, amma bai kai ta ga talaka ba. Iyayen gidan jam'iyya na jihohi da manyan birane su ne ke naɗa wakilai, su kuma yi ciniki da ƙuri'unsu a ɗakunan otal domin muƙamai da kwangiloli. In ciniki bai faɗa ba sai taro ya yi ta jan ƙafa. A 1924 sai da ƴan Dimokurat suka kaɗa ƙuri'a sau 103 kafin su tsayar da John W. Davis.

Masu neman gyara sun yunƙura a farkon ƙarni na 20. A jihar Wisconsin, gwamna Robert La Follette ya yi tsayin daka har aka kafa dokar da jama'a suka amince da ita a 1904, wadda ta ba masu jefa ƙuri'a ikon fidda ƴan takarar muƙaman jiha da hannunsu. Oregon ta shigar da takarar shugaban ƙasa cikin tsarin a 1910. Gwajin farko ya zo a 1912: tsohon shugaba Theodore Roosevelt ya ci zaɓen fidda gwani a jihohi tara, amma manyan Rifablikan suka miƙa tuta ga shugaba mai ci, William Taft. Roosevelt ya fice ya kafa tasa jam'iyyar, ƙuri'u suka rabu, Woodrow Wilson na Dimokurat ya haye da manyan masu zaɓe 435, Roosevelt 88, Taft 8. Daga nan har sama da shekara hamsin zaɓen fidda gwanin shugaban ƙasa ya zama wurin gwada farin jini, hukunci kuwa na manya ne.

Darasin jihohin kudu

Babu inda nauyin fidda gwani ya fito fili kamar kudancin ƙasar. Daga ƙarshen ƙarni na 19 jam'iyyar Dimokurat ta yi kaka-gida a can, har ya zamana duk wanda ta tsayar ya ci ya gama. Sai jam'iyyar ta ce ita ƙungiya ce mai zaman kanta, farar fata ne kaɗai za su shiga zaɓenta na cikin gida. Da wannan dabara, ko baƙar fata ya tsallake sauran shingayen ya kai ga akwati a Nuwamba, sai ya tarar an gama rabo. Wani likitan haƙori baƙar fata a birnin Houston, Lonnie Smith, ya shigar da ƙara, lauya Thurgood Marshall ya tsaya masa, kuma a 1944 Kotun Ƙoli ta haramta wannan wariya. Hujjarta ita ce zaɓen fidda gwani ɓangare ne na zaɓen ƙasa.

Shikago, 1968

Shekarar 1968 ce ta karya lagon manya. Yaƙin Biyetnam ya raba kan ƴan Dimokurat, shugaba Lyndon Johnson ya janye daga takara a ƙarshen Maris, sannan aka harbe Robert Kennedy a watan Yuni, daren da ya ci zaɓen fidda gwani na Kalifoniya. A watan Agusta taron Shikago ya tsayar da mataimakin shugaban ƙasa Hubert Humphrey, wanda bai shiga zaɓen fidda gwani ko ɗaya ba, yayin da ƴan sanda ke dukan masu zanga-zanga a titunan birnin. Humphrey ya sha kaye a hannun Richard Nixon.

Jam'iyyar ta kafa kwamitin da aka fi sani da McGovern-Fraser, wanda ya wajabta zaɓen wakilai a fili, da hannun magoya baya. Dokokin sun fara aiki a 1972, jihohi da dama suka kafa zaɓen fidda gwani, ƴan Rifablikan su ma suka bi sahu.

Haka tsarin yau ya samu. Daga farkon shekarar zaɓe zuwa Yuni jihohi kan yi nasu bi da bi, a al'ada Iowa da New Hampshire ne kan gaba. A wasu jihohin sai wanda ya yi rajista da jam'iyya ke jefa ƙuri'a, a wasu kuwa ƙofa a buɗe take. Ƴan Dimokurat kan raba wakilai gwargwadon ƙuri'un kowa, ƴan Rifablikan kuma sun yarda wasu jihohi su ba na ɗaya duka. Babban taro ya koma bikin tabbatar da abin da akwati ya riga ya faɗa.

Riba da hasara

Sabon tsarin ya buɗe hanya ga waɗanda manya ba su sa a lissafi ba: Jimmy Carter a 1976, Barack Obama a 2008, da Donald Trump, wanda ya kayar da abokan takara 16 a 2016 ba tare da ya taɓa riƙe muƙamin gwamnati ba. Sai dai yana da nasa aibin. Takarar na cin watanni da maƙudan kuɗi. Masu fitowa fidda gwani ba su kai na Nuwamba yawa ba, kuma galibi su ne masu zafin ra'ayi. Tunda kujerun majalisa da yawa na mazaɓun da jam'iyya guda ta mamaye, ɗan majalisa yakan fi tsoron ɗan gidansu a kan abokin hamayya, sai sasantawa ta yi wuya.

Ikon wakilai ma bai gushe ɗungurungum ba. A 2024 Joe Biden ya ci zaɓen fidda gwani, sannan ya janye ranar 21 ga Yuli, wakilan jam'iyya suka tsayar da Kamala Harris ba tare da an koma ga jama'a ba. Trump ya kayar da ita da manyan masu zaɓe 312 a kan 226.

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Malamin da ke koya wa ɗalibai tarihin dimokuraɗiyya, ko ƙungiyar da ke shirin zaɓen shugabanninta, ya kamata su duba abin da ya gabaci ranar ƙuri'a: wa ya rubuta sunayen da ke kan takarda, ta wace hanya, kuma wa aka bari a bakin ƙofa lokacin da ake rubuta su.